Nauyin Guguwa

"Kada ka motsa! Na ce kada ka motsa, Yaya!"

Muryar Mai Zare ce ke fitowa daga ƙarƙashin mota. Yana kwance a kan kwali, ƙafafunsa kawai ake gani a waje.

"Ban motsa ba. Numfashi na yi."

"To ka rage shi."

"In rage numfashi saboda zarenka? Kai, ɗan nan, ka ji tsoron Allah."

Ɗan nan ɗin da ake faɗa kansa ya yi fari fat, har da jikoki. Amma da yake Guguwa, wanda ke zaune a cikin motar, ya girme shi, kuma ƙofar gidansa na kallon ƙofar garejin Mai Zare tun suna da baƙin gashi, ɗan nan yake har gobe.

Bari in gaya muku su wane ne, don kada ku ce na jefa ku a tsakiyar kogi. Mai Zare sana'arsa saita ƙafafun mota, abin da 'yan gareji ke kira alaimen. Yanzu an ce na'ura ke yi, shi kuwa da zare ya koya, da zare ya tsufa. Gwangwanaye huɗu ne cike da siminti, kowanne da sanda a tsaye. Sai ya ja zare ta gefen nan, ya ja ta gefen can, ya ɗauki rula yana auna tsakanin zare da bakin kowace taya, gaba da baya, sa'an nan ya shige ƙasa da sifana ya ɗan juya nan, ya ɗan saki can, har ƙafafun su kalli gaba ɗaya kamar 'ya'yan uwa ɗaya.

Guguwa kuma tsohon mai shagon tabarau ne, ƙaton mutum, irin wanda in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Motarsa 'yar ƙarama ce ja, ƙirar tsere ta zamanin da, mai dogon hanci da kujera biyu, ba rufi sai tamfol da ake ja in hadari ya taso. Ta girmi 'ya'yansa duka. Matarsa, Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, jan takalmi take ce mata, don ta ce in ya shiga sai ka rantse ƙafa ce aka cusa a takalmin da bai kai ta ba.

Sunan Guguwa kuwa tsokana ce ta 'yan layi. Mutumin nan bai taɓa sa motar nan a babbar giya ba. Masu keke na wuce shi suna gaishe shi, su tambayi iyali, su ji amsa. An ce a farkon aurensu Malama ta shiga sau ɗaya, da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne ta ce ya tsaya, ta sauka ta taka da ƙafa, ta riga shi isa gida har ta ɗora ruwan shayi. Daga ranar ba ta sake shiga ba. Shi kuwa in an yi magana sai ya ce, "Tafiya sannu sannu kwana nesa. Ku nuna mini wata sa'arta da ta rage a kan titi."

Kulawa kuwa, ko jariri albarka. Kullum da safe zai goge ta, ya zaro sandar baƙin mai ya shafa a farin ƙyalle ya ɗaga wa rana, ya danna kowace taya da babban yatsa, ya kafa sukudireba a jikin inji ya sa kunne a ƙotar yana saurare kamar likita. Kuma ba a saita ƙafarta sai yana zaune a ciki. Wannan dokar Mai Zare ce. Motar ba ta da nauyi, mai ita kuwa yana da shi har da na kyauta. In ya zauna sai ta kwanta ɓangarensa, ƙafafun su sauya tsayuwa. In ka saita ta babu kowa a ciki, aikin banza ka yi.

"Sauko da hannunka daga ƙofa," in ji Mai Zare. "Yawwa. An gama. Mu je mu gwada."

Wurin gwajinsu doguwar hanyar nan ce ta bayan makaranta, miƙaƙƙiya daga tankin ruwa har gada. A nan Guguwa kan saki sitiyari, ya naɗe hannu a kan tumbi, motar ta tafi ɗoɗar ita kaɗai. Wannan ne abin alfaharinsa a duniya, ya fi masa shagon, ya kusa fin 'ya'yan. Mai Zare kan bi shi a baya a kan kekensa, yana kama birki don kada ya wuce shi.

Ran nan suka kai tanki, Guguwa ya saki sitiyari, ya naɗe hannu. Sai jan takalmi ta fara karkata. A hankali, cikin ladabi, ta bar tsakiyar hanya ta nufi teburin mai lemo da ke gefe. Saboda tsabar sannu, mai lemo ta samu lokaci ta tashi, ta janye teburinta, ta kwashe kujera, ta koma ta ɗauko takalminta, sa'an nan ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Lemo za a ba ka?"

Guguwa ya taka birki. Bai kalli mai lemo ba. Mai Zare ya kalla.

"Wannan ne karo na nawa a watan nan?"

"Yaya, wallahi zare ba ya ƙarya."

"Zare ba ya ƙarya, ido ke yi. Ni na sayar maka da tabarau ɗin da ke hancinka, na san abin da ya rage a idon nan. Ka tsufa, ɗan nan. In ka gaza ka faɗa, in kai ta wurin masu na'ura."

Da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Mai Zare ya tura kekensa gida bai hau ba.

Washegari ya sa aka dawo da motar. Ya duba iskar tayoyi, daidai. Ya girgiza kowace ƙafa, ba wadda ta yi sako-sako. Ya duba shokozoba, ya duba birki ko yana kamawa ɓangare ɗaya, lafiya lau. Ya ce Guguwa ya shiga ya zauna. Mai Zare ya durƙusa zai ja zare, sai ya dafa tayar gaba ta ɓangaren direba don ya tashi, hannunsa ya shige tsakanin taya da ƙarfen da ke rufe ta. Duk tafin hannun ya shige. Shekara da shekaru, in Guguwa na zaune, yatsa biyu ke shiga wurin nan da ƙyar.

Ya ɗaga kai a hankali ya dubi mutumin. Wanda kake gani kullum ba ka ganinsa. Rigar ta zauna masa daidai, wando daidai. Amma agogon hannunsa ya zame har ya kusa gwiwar hannu, kuma tsakanin tumbinsa da sitiyari, inda da ko takarda ba ta wucewa, yanzu kyanwa za ta iya kwanciya.

"Me kake kallo? Yau ka fara ganina?"

"Ba komai, Yaya. Bar mini ita zuwa yamma."

Da Guguwa ya shiga gida ya kwanta, Mai Zare ya tsallaka titi ya zaga ta ƙofar baya. Ya tarar da Malama a kan keken ɗinki, tabarau a ƙarshen hanci, wandon mijinta a ƙarƙashin allura. A gefe ga wasu an tara, ga riguna, kowacce an farke ta an rage.

Ta dube shi, ya dubi wandon. Ba wanda ya yi gaisuwa.

"Mota ce ta gaya maka?" in ji ta.

"Ita ce."

"Na san za a rina. Na ɓoye sikelin banɗaki na ce ya lalace. Dogon madubin ɗaki na ba wa 'yarmu na ce tana so. Bel ɗinsa ni ke ƙara masa huda yana barci. Ban tuna da munafukar jan takalmin nan ba."

"Me likita ya ce?"

Ta ci gaba da taka keken har ta kai ƙarshen ɗinki, ta ciji zare. "Ya ce a bar shi ya ci abin da yake so, ya yi abin da yake so. Ka gane ai."

Ya gane. Ya nemi wurin zama ya zauna a kan tarin rigunan bai sani ba.

"Shi bai san ta kai haka ba," in ji ta. "Ya ɗauka gyambon ciki ne. Mutumin nan in ya ga jini a yatsa sai ya yi wasiyya. Ba zan gaya masa ba, kai ma ba za ka gaya masa ba. Ka saita masa motarsa ta tafi daidai."

"Malama, in na saita ta a nauyinsa na yau, mako mai zuwa ta sake ja. Kullum raguwa yake. Dole ya tambayi dalili."

"Sai ka ce idonka ne."

"Idona lafiya lau!"

"To sai ya yi ciwo. Kai da shi wa ya fi buƙatar lafiya?"

Mai Zare ya koma gareji yana magana shi kaɗai. Mutum ya yi rayuwarsa duk ba shi da gona ba shi da bene, sunansa kawai gare shi, a ce in Mai Zare ya taɓa mota ko makaho ya tuƙa. Yanzu a ce ya ɗauki sunan ya shimfiɗa a ƙasa a taka. Yana cikin haka ya yi tuntuɓe da tarin tsofaffin fayafayan birki da ke bayan ƙofa, ƙarafa masu nauyin tsiya, ya zauna yana riƙe da yatsan ƙafa yana salati. Kafin zafin ya wuce dabara ta zo.

A bayan kujerar direba akwai wani lungu inda ake ajiye jak, an rufe da tsohon bargo. Ya naɗe fayafayai a cikin tsohon tub na taya don kada su yi ƙara, ya jera su a lungun, ya mayar da bargo. Ya ƙara, ya gwada da yatsa, ya ƙara, har motar ta kwanta kamar yadda ta saba. Abin da ciwo ya ɗebe, ƙarfe ya mayar.

Da yamma suka je tanki. Guguwa ya saki sitiyari. Jan takalmi ta tafi ɗoɗar har gada, mai lemo na tsaye riƙe da teburinta don ko ta kwana.

"Ka gani?" in ji Guguwa. "Da na yi maka faɗa ai ka buɗe ido. Me ya same ta?"

Mai Zare ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Yaya. Na karanta rula ba daidai ba."

"Na faɗa! Mai lemo, kin ji da kunnenki ko?"

Ta ji. Kafin rana ta faɗi duk layi ya ji.

Haka aka shiga yi. Bayan 'yan kwanaki mota ta fara karkata, Guguwa ya kawo ta da faɗa, Mai Zare ya ce a bar masa ita, ya ƙara faifai ɗaya, ya amsa laifi. Malama na rage wando a can, shi yana ƙara ƙarfe a nan. In suka haɗu a bakin famfo sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Na rage yatsa biyu a ƙugu," shi kuma ya ce, "To, faifai ɗaya ke nan."

Sunansa kuwa ya zube. Mai shayin da ke kan kwanar layi ya fara miƙo masa kofi yana cewa, "Ga shi nan, Baba, ta damanka." Direban tasi da ya saba kawo masa mota ya wuce da ita wurin masu na'ura, yana ɗaga masa hannu cikin tausayi. Guguwa da kansa ya buɗe tsohon akwatin shagonsa ya kawo masa kyautar tabarau mai kaurin gindin kwalba, ya ce sai ya sa a gabansa. Mai Zare ya sa, duniya ta narke, ya miƙa hannu zai ɗauki sifana ya kamo wutsiyar kyanwa.

Rannan a hanyar gwaji suka faɗa wani ɗan rami, tub ya kwance, bayan kujera ya ce ƙwarangwam.

"Mene ne wannan?"

"Salansa ce, Yaya."

"Salansa a bayan kunnena?"

"Ƙara tana yawo a jikin tsohuwar mota."

"Allah Sarki," in ji Guguwa. "Ashe."

Sai aka wayi gari bai fito goge ta ba. Washegari ma haka. Jan takalmi na tsaye a rumfarta, ƙura ta fara sauka a dogon hancin. Mai Zare kan tsallaka da ƙyalle ya goge ta, ya zaro sandar baƙin mai ya ɗaga wa rana, ko da yake ba inda ta je.

Wata la'asar Malama ta leƙo garejin. "Yana kiranka. Ya ce ka zo da gwangwanayenka."

An fito da Guguwa a kujerar roba an ajiye shi a inuwar rumfa, an jera masa matasai, bargo a gwiwa. Abin da ya rage na ƙaton nan bai cika rabin kujerar ba. Amma idon na nan, da bakin.

"Ɗan nan, kwashe ƙarafanka daga motata."

Mai Zare ya tsaya da gwangwani a kowane hannu. "Waɗanne ƙarafa?"

"Salansar da ke bayan kunnena. Kwashe su. Ka mayar mini da mota motar ɗaukar kaya."

Mai Zare ya dubi Malama. Malama ta dubi rufin rumfa.

"Ku dube su," in ji Guguwa. "Ɓarayin zaune. Ni da na ƙare rayuwata ina gyara wa mutane gani, ni za a ɓoye wa madubi? Motar nan madubi uku gare ta. Kuma ke, wandon da kika rage mini, aljihun baya biyu sun haɗu sun zama ɗaya. Ina sa hannu ta dama in fito ta hagu."

"Tun yaushe ka sani?" in ji Malama.

"Tun kafin ke. Ni na ce wa likita ya gaya miki a hankali, don na san halinki, sai kin samu aikin yi hankalinki ke kwanciya. Na ga kin samu keken ɗinki, shi ya samu ƙarafa, na ce to, kowa ya kama sana'a."

"Ka sani," in ji Mai Zare, "ka bar ni ina cewa idona ne? A gaban mai lemo?"

"Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na watannin nan ba. Tun muna samari nake jira ka ce ka yi kuskure."

"Har da tabarau!"

"Wannan na karatun wata tsohuwa ne, ba ta dawo ta karɓa ba."

Dariya ta kama shi, ta juye tari, Malama ta riƙe masa kofi har ya lafa. Mai Zare ya juya baya ya shiga zaro fayafayan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan aikin fiye da yadda ya kamata. Da ya tara su a gefen rumfa sai tarin ya kai masa gwiwa. Su uku suka dubi tarin.

"Kai," in ji Guguwa. "Ashe na yi mutum." Ya gyara bargo. "To, ja zarenka. Malama, shiga."

"In shiga ina?"

"Kujerar direba. A nauyinki za a saita ta."

"Ni? Jan takalmin nan? Allah ya kiyaye."

"Yaran nan in kin bar musu sayarwa za su yi, wani ya yi mata fenti kore. Ke kika ja motar makaranta shekara da shekaru, yara na kuka iyaye na addu'a. Shiga, don Allah, ina da sauran numfashi kaɗan kada ki sa in ƙarar da shi a kan gardama."

Ta tsaya. Sa'an nan ta cire tabarau ta sa a aljihu, ta tattare zani, ta shiga. Sai da aka jawo kujerar gaba, ƙarfenta ya yi tsatsa don ba a taɓa matsar da ita ba, Mai Zare ya sa mata giris. Motar ko gezau ba ta yi ba.

Ya jera gwangwanaye, ya ja zare, ya shige ƙasa.

"Kada ki motsa, Malama."

"Ban motsa ba."

"Numfashi take yi," in ji Guguwa daga kujerarsa. "Ka ce ta rage."

Aka yi aikin har rana ta yi ja, Guguwa na ba da umarni, ana yi kamar ba a ji ba. Da aka gama ya sa aka kira mai shayi da mai lemo, ya ce musu, "Ku shaida, idon ɗan nan ya fi na shaho. Ni ne na rame." Mai shayi ya ce dama shi bai taɓa yarda ba.

Bai kai ƙarshen makon ba. Da hantsi ne, taga a buɗe, Malama na gefensa tana ɓare masa lemo. Ta ce ya tambaye ta ko an duba iskar tayar baya, ta ce an duba, ya ce madalla. Allah ya jiƙansa. Mai Zare na cikin waɗanda suka ɗauke shi, kuma ya ce bai taɓa ɗaukar abin da ya yi masa rashin nauyi a kafaɗa ya yi masa nauyi a ƙirji haka ba.

Bayan baƙi sun watse, gida ya yi shiru, kwanaki suka shuɗe. Wata safiya Mai Zare na buɗe gareji ya ji injin da ko a mafarki ya san muryarsa. Jan takalmi ta fito daga rumfa da baya, Malama a ciki, ta ɗaure ɗankwali tamau a ƙarƙashin haɓa.

"Za ka biyo ni a keke?"

"In kina so."

"Kada ka wahalar da kanka."

Ta sa giya. Ta sa ta biyu tun ba ta kai famfo ba. A kwanar mai shayi ta sa ta uku, kofuna suka yi rawa a kan tebur. Daga can bayan makaranta, da ta sa babbar giya, sai aka ji injin ya saki wata murya da layin nan bai taɓa ji ba, doguwa, mai daɗi, kamar wanda ya daɗe yana riƙe da waƙa a ƙirji. Mai lemo ta ba da labari daga baya cewa abu ja kawai ta gani ya wuce tsakiyar hanya ɗoɗar, da hannaye biyu a sama, ko teburinta ba ta samu taɓawa ba.

Mai Zare ya tsallaka titi. Fayafayan na nan a gefen rumfa inda ya tara su, tsatsa ta fara cin na sama. Ya share shi da tafin hannu ya zauna a kai. Ya zaro zaren daga aljihu, ya shiga naɗe shi a kan sanda a hankali, yana saurare har ƙarar ta haye gada.